Kwabban Sin a Gwangwanin Marigayi

A cikin Hausawan Madina, duk wanda ya taɓa zama a wata ƙasa sai a ɗora masa sanin ƙasar gaba ɗayanta. Ni a Sin na yi karatun harhaɗa magani kafin aiki ya kawo ni wani asibiti a nan, saboda haka duk takardar da aka ga rubutun Sinanci a jikinta, ta injin wanki ce ko ta man zafi, gidana ake kawo ta. A shekarun da na yi can, akwai wata kasuwar tsofaffin kaya kusa da makarantarmu, inda nake zuwa ranar hutu in rage kewar gida. Kwabbansu ne suka fara jan hankalina, domin sun tuna mini da kwabo mai huji da kakata take ƙullewa a bakin zane, sai dai nasu hujin mai kusurwa huɗu ne. Na saya aka cuce ni, na koma aka sake cutata, har na gane abin da 'yan kasuwar suke dubawa kafin su buɗe baki. Iyakar sanina ke nan.

A unguwarmu ta Bani Harisa muna da wani maƙwabci dattijo, kowa Baba yake ce masa. Mutumin Damagaram ne, ya zo ƙasar nan yana saurayi. Ya yi aikin dabino a Khaibar har hawan bishiya ya fi ƙarfinsa, ya koma ɗaukar kayan alhazai a filin jirgi, daga baya ciwon sukari ya ci masa ƙafa ɗaya, ya rage masa gani. 'Ya'yansa biyu, duk haihuwar nan. Babban namiji ne, direban motar ma'aikata, yana jin Hausa sarai amma rabin amsarsa da Larabci take fita. Ƙaramar mace ce, mijinta ya rasu ba su haihu ba, ta dawo gidan uban. Ita take yi masa wanka, ita take yi masa allura, tana kuma yin masa da dambu tana sayar wa ma'aikatanmu. Takardar zamanta a ƙarƙashin ta yayanta take.

Babu wanda ya zauna da Baba bai ji labarin gwangwaninsa ba. Ya ce wata shekara, tun kafin ya yi aure, matar wani tsohon alhaji ɗan Sin ta rasu a Madina. Mutumin ba ya jin Larabci, ya ɓace wa 'yan ayarinsa, yana zaune a bakin titi yana kuka. Baba ne ya kama hannunsa, ya yi ta yawo da shi daga ofis zuwa ofis har aka sallaci matar. Ranar da zai tafi, tsohon ya kwance wata igiya daga ƙugunsa, cike da kwabbai, ya danƙa wa Baba, ya naɗe masa yatsu a kanta. Daga nan Baba yakan rufe labarin da cewa, "Akwai abin da na ajiye wa yaran nan." Ya san na zauna a Sin, amma bai taɓa nuna mini ba. Na taɓa cewa ya kawo in gani, ya yi dariya ya tambaye ni ko maganin da yake sha yana hana cin kankana.

Bayan rasuwarsa, da aka tashi zaman makoki, ɗan ya tare ni a ƙofar masallaci bayan La'asar.

"Ya Daktur, malam ya ce ba a raba gado sai an san ƙimar kowane abu. Kuma ba wanda zai karanta mana wannan sai kai."

Na ce masa ni ba gwani ba ne, ɗan abin da na tsinta ne a kasuwa.

"Ma'alesh, ba komai. Ka zo kawai ka gani."

Washegari na ɗauki ƙaramin sikelina, da gilashin ƙara girma, da allura, da auduga, da kwalbar sifirit, na ciro maganaɗisu daga jikin firij. Matata ta biyo ni don ta zauna da ƙanwar. Muka tarar an share falo, an kunna turare, an shimfiɗa farin ƙyalle a kan darduma kamar za a yi walima. Ɗan ya shiga ɗakin uban ya fito da gwangwanin alawa wanda fentinsa ya goge, ya ajiye a gabana da hannu biyu. Ƙanwar tana zaune bakin ƙofa kusa da matata, ta sunkuyar da kai.

Igiyar ce a sama. Da alama ja ce a da, ta koma baƙa. Kwabban da ke jikinta na farar tagulla ne, kowanne da haruffa huɗu a gaba, baya kuma da wani rubutu mai lanƙwasa na gidan sarautar da ta mulki Sin a ƙarshe. Na zare ɗaya na juya shi a haske. Irin waɗannan ba buga su ake yi ba, zuba su ake yi a cikin yashi, sannan a jera su a sanda a goge gefensu da magagari, kuma ga sawun magagarin nan ya dushe. Haruffan sun side ta inda yatsa yake taɓawa, ramukan da ke tsakaninsu sun cika da tsohon datti mai tauri wanda allura ba ta iya ɗagawa. Bakin hujin ya yi santsi saboda gogar igiya. Na saki ɗaya a kan tayil, ya yi ƙara gajeriya, marar zaƙi, irin ta ƙarfen da ya tsufa.

Na ce, "Waɗannan na gaske ne. Wasunsu sun haura shekara ɗari biyu."

Ɗan ya ɗaga hannu sama. "Asli! Allahu Akbar. Allah Ya jiƙanka, Baba."

Na bar shi ya gama, sannan na ce masa ya saurara. Sarkin da sunan zamaninsa yake jiki ya daɗe a kan mulki, kuma a zamaninsa an zuba irin waɗannan kamar yashin rafi. Da su talaka yake sayen gishiri. A kasuwar da nake zuwa a cikin kwano ake tara su, mutum ya tsoma hannu ya zaɓa. Tsufa kaɗai ba ya sa wa kwabo daraja, sai in ya yi ƙaranci. Igiyar duka, in an yi sa'ar mai saye, za ta ciyar da gidan kwana ɗaya ko biyu.

Ya dube ni kamar na zage shi. "Ya'ani abu ya shekara ɗari biyu, kuma bai kai kuɗin shawarma ba?"

"Haka kasuwarsu take."

Ya tura mini gwangwanin. "Ɗayyib. Duba na ƙasa. Su ne manyan."

A ƙasa akwai ƙulle-ƙulle da yawa, kowanne a naɗe da tsumma mai tsabta, an ɗaure da zare. Wanda ya naɗe su ya ɓata lokaci a kansu. Na kwance na farko, kwabo ne babba, ya kusa cika tafin hannu, kore shar da tsatsa. Na karanta haruffan, na sake karantawa, domin sunan wani zamani ne gajere na can da, wanda kwabbansa 'yan kaɗan ne suka rage a duniya, yawancinsu a gidajen tarihi. Da na gaske ne, shi kaɗai zai sayi gidan da muke zaune a ciki. Amma tun kafin in ɗauki gilashi hancina ya gaya mini. Tsohon kwabon da ya kwana a ƙasa ƙamshin ƙasa yake yi. Wannan wani wari yake mai tsami, irin na ɗakin gwaje-gwaje.

Na jiƙa auduga da sifirit na goga gefensa, audugar ta fito koriya. Na sa allura, tsatsar ta ɓare kamar ɓawon gyaɗa, jan ƙarfe sabo yana ƙyalli a ƙarƙashinta. Tsatsar gaske daga cikin ƙarfen take tsirowa, ta zama jiki ɗaya da shi, wannan kuwa garin fenti ne aka kwaɓa da gam. Na kwance na biyu da na uku. Haruffansu sun kumbura, ba su da kaifi, alamar an kwafo su ne daga jikin wani kwabon. Biyu daga ciki suna da 'yar tsaga iri ɗaya a wuri ɗaya, kusa da huji, kuma babu yadda za a yi tsufa ya ji wa kwabbai biyu ciwo iri ɗaya. A can ƙarshe akwai sulalla farare masu hoton macijin nan mai ƙafafu na tatsuniyoyinsu. Na ɗora ɗaya a sikeli, bai kai nauyin sulen azurfa na gaske ba. Na kawo maganaɗisu kusa, sulen ya yi tsalle ya manne. Azurfa ba ta bin maganaɗisu.

Ƙarar mannewar nan kowa ya ji ta a falon.

Na ce, "Ka yi haƙuri. Waɗannan duk jabu ne."

"Kulluhum?"

"Duka."

Ya ɗauki sulen ya ɓamɓare shi daga maganaɗisun, ya sake kawo shi kusa, ya sake mannewa. Ya yi haka har sau nawa ban sani ba. Sannan ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko ɗan Sin ɗin ne ya cuci ubansa. Na ce a'a, ba zai yiwu ba, domin irin wannan gam ɗin da irin wannan aikin na kwanan nan ne. A lokacin da Baba yake saurayi ba a fara yin su ba. Tambaya ya yi mini, na ba shi amsar da na sani.

Ya juya a hankali ya dubi ƙanwarsa.

"Tun kafin a haife ni gwangwanin nan yake gidan nan. Wa yake shiga ɗakin Baba?"

Ba ta ɗago ba.

"Da ke nake. Wa yake riƙe da mabuɗi tun da ya daina gani?"

"Yaya, ka ji tsoron Allah."

"Wen al-asli? Ina na gaskiyar? Wa kika sayar wa?"

Na shiga tsakani. Na ce babu abin da na gani da yake nuna an taɓa samun na gaske a gwangwanin, wataƙila Baba ne da kansa ya sayo waɗannan daga baya, ya ƙara a kan na igiyar.

"Da wane kuɗi?" Ya daka mini tsawa, abin da bai taɓa yi ba. "Mutumin da na durƙusa a gabansa lokacin da 'yata take kwance, na ce ya taimake ni a yi mata aikin zuciya, ya ce ba shi da ko halala, ko sisin kwabo? Na ce to ya sayar da gwangwanin, ya ce lokaci bai yi ba. Na binne yarinyar nan ban ce masa uffan ba, don na ɗauka dukiya ce yake tsare mana. Yanzu ka ce mini ƙarfen banza ne?"

Na san yarinyar ta rasu shekarun baya, na je gaisuwa, amma ban san da wannan ba. Matata ta kama hannun ƙanwar ta shigar da ita ciki. Na tattara kayana. Audugar da ta yi kore na bar ta a kan farin ƙyallen, ban san inda zan jefa ta ba.

Bayan kwana biyu ƙanwar ta zo gidanmu da hantsi, ina wurin aiki. Abin da ta faɗa, daga bakin matata na ji shi. A watan da jikar take asibiti, Baba ya sa ita ƙanwar ta raka shi a ɓoye wurin wani mai sayar da tasbaha da zobba, baƙo ne da yake zuwa lokacin aikin Hajji, don ya sayar da igiyar ya ba ɗansa. Mutumin ya gaya masa gaskiya a kan ƙananan, cewa ba su da wata daraja. Sannan ya jawo wani akwati ya nuna masa manya, ya ce waɗannan ne attajiran Sin suke nema ido rufe, akwai wani mai saye da zai sauka cikin makon nan, wanda ya riƙe su zai ninka kuɗinsa sau da yawa. A lokacin Baba bai daɗe da karɓar haƙƙinsa na barin aiki ba. Kuɗin ba za su isa aikin zuciya ba, ya ga in an ninka za su isa. Ya ba da su duka. Mai sayen bai zo ba. Yarinyar ta rasu. Da shekara ta zagayo mutumin ya dawo, ya ce mai sayen yana son jerin ya cika ne, saura ɗaya ko biyu. Baba ya karɓi kuɗin masar da 'yarsa take sayarwa ya ƙara. Haka aka yi ta yi har shekarar da mutumin bai dawo ba.

Ta ce daga baya Baba ya daina maganar mai saye, amma duk Juma'a sai ya sa ta sauko da gwangwanin, ya kwance tsummokin yana shafa kwabban da yatsa, ya sake naɗewa. Ya sa ta rantse ba za ta gaya wa yayanta ba, yana raye ko ya mutu.

Matata ta ce mata ai yanzu dole ta faɗa.

"In na faɗa, Yaya zai san Baba yana da kuɗi a hannu ranar da ya durƙusa masa. Zai daina yi masa addu'a. Gara ni ya tsane ni."

Magana ba ta kwana a unguwa irin tamu. Kafin mako ya zagayo, labari ya kai har wurin 'yan uwanmu da suke aiki a filin jirgi, cewa marigayi ya bar dukiyar Sin, 'yarsa ta sace ta musanya da jabu, kuma Dakta ne ya gano. Sunana ya zama hujja. Duk wanda ya tambaye ni nakan ce ban faɗi haka ba, sai ya gyaɗa kai ya ce ya gane, ba na son shiga rigimar gida ne. Masu sayen masarta suka ragu. Wata mata ta tambaye ta a gaban mutane ko a Jidda ta sayi gidan ko a Yamai.

Na je wurin malamin masallacinmu na ba shi labarin ba tare da na ce na wane ne ba, ko da yake ya gane. Ya ce rantsuwar da za ta jawo zalunci karya ta ake yi a yi kaffara. Ya aika matarsa ta yi ta lallashinta, har ta yarda. Aka zauna a gidan malam bayan sallar Juma'a, ni ma aka kira ni. Ta faɗi komai, tana magana tana tsayawa. Yayan ya saurara har ƙarshe bai katse ta ba.

Da ta gama ya ce, "Sai yanzu? Wata guda kina shirya wannan?"

Malam ya ce ya yi tunani, maganar tana da kama da gaskiya.

"Ya Shaikh, ina mutumin? Ina shagonsa? Wa ya gan su tare? Ta ci dukiyar, yanzu kuma ta mai da ubana wawa, ta ce ya bar 'yata ta mutu da kuɗi a aljihunsa. Mamaci ba ya tashi ya kare kansa." Ya juyo wurina. "Kai, Daktur, za ka iya rantsewa ba a taɓa samun na gaske a gwangwanin nan ba?"

Na ce abin da aka ajiye a gabana kaɗai na gani, kuma zuciyata ta gaskata ta.

"Ban tambayi zuciyarka ba. Za ka rantse?"

Na ce ba zan iya rantsewa a kan abin da ban gani ba.

"Khalas, shi ke nan," in ji shi, ya tashi ya sa takalmansa.

Ina ganin ya ji gaskiyar a ranar, ɗaukarta ce ta gagare shi. Amma wannan zato ne nawa, bai taɓa faɗa mini ba.

Da lokacin sabunta takardar zamanta ya zo, ya ƙi sa hannu. Dattawa suka je, ya ce gidansa ba zai ɗauki wadda ta yi wa ubansa ƙazafi ba. Mun nemi wanda zai ɗauke ta aiki ya mai da ita ƙarƙashinsa, ba a dace ba kafin wa'adin ya cika. Aka buga mata fita ta dindindin zuwa ƙasar da fasfonta ya ce tata ce, wadda ba ta taɓa takawa ba. Ni da matata muka kai ta filin jirgi. Akwati ɗaya gare ta da katan ɗin dabino da za ta kai wa dangin ubanta. A hanya ta tambaye ni ko a Damagaram ana samun maganin hawan jini irin wanda take sha, na rubuta mata sunansa na asali a bayan kwalin. Yayan bai zo ba.

Na ji daga baya ya ɗauki gwangwanin ya kai Jidda wurin masu sayen tsofaffin kaya, suka faɗa masa abin da na faɗa. Har yanzu muna haɗuwa a masallaci. In sahu ya haɗa mu yakan ba ni hannu bayan sallama, ba ya duban fuskata.

Ita kuwa tana aiko wa matata saƙon murya jefi-jefi. Tana zaune gidan wani ɗan baffanta, a ɗaki ɗaya da yaransa mata. Balarabiya suke kiranta, suna dariyar Hausarta. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita tun daminar farko, jikinta bai saba da shi ba. Labarin kuma ya riga ta isa can, wani da ya dawo daga Umara ya kai shi. Dangi sun yi imani ta zo da dukiyar Sin ta ɓoye. Kullum da mai zuwa da buƙata, wannan kuɗin makaranta, wancan matarsa za ta haihu, in ta ce ba ta da shi sai a ce rowa ce, wadda ta cuci ɗan'uwanta na ciki ɗaya wa za ta bari. Ta fara yin masa a ƙofar gida, aka ce ɓad da sawu take yi.

A saƙonta na baya-bayan nan muryarta ta dushe, tana tari tsakanin magana. Ba ta yi ƙorafin kowa ba. Ta ce wa matata, "Ki roƙar mini Dakta, in ya shiga maƙabartar Baƙi'a ya yi wa Baba sallama, ya ce ina nan lafiya."

Na shiga bayan Asuba, da aka buɗe ƙofa. Ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari, amma kaburburan can ba su da suna, duwatsu ne kawai a jere, kuma an ƙara sababbi da yawa a wajen tun daga lokacin. Na yi ta zagaye ban tabbatar da nasa ba. Na tsaya a inda nake zato, na yi sallama ga duk mazauna wurin, na isar da saƙon kamar yadda ta faɗa, sannan na wuce wurin aiki.